Kawuna da Ruwan da Ya Roƙo

Ina cikin aji a Konni yayata ta kira ni. Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta ce, "Kawu ya cika." Na yi salati, na bar wa abokiyar aikina yaran, na nemi motar Malbaza. Daga bakin kwalta ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni ƙauyenmu. Kafin in isa har an kai shi makwancinsa, maza sun dawo sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Ban taɓa ganin mahauta da yawa wuri ɗaya kamar ranar ba. Sun zo daga Badaguishiri, sun zo daga Tsarnawa, wasu ma daga tsallaken iyaka, domin Kawu ya daɗe yana riƙe da sarautar fawa a yankinmu, kuma da yawansu a hannunsa suka koyi fiɗa. Da na ratsa ta gefensu zan shiga gida, na ji wani dattijo cikinsu yana cewa, "Wuƙarshi ba ta taɓa huda fata ba. Mu munka gani." Kowa ya gyaɗa kai. Abin da suka sani ke nan game da shi, kuma gaskiya ne.

Cikin gida maganar daban ce. Wata mata da ta zo daga wajen Alela a kan amalanke tana kuka fiye da mu 'yan gida. Ban san ta ba. Ta riƙe hannun Inna, matar Kawu, tana ta maimaita cewa ɗiyanta na baya duk ruwansa suka sha, ga su nan ƙafafunsu a miƙe. Can kusa da rumbu wasu maƙwabtanmu suna magana ƙasa-ƙasa, ba su lura na zauna bayansu ba. Ɗaya ta ce, "Allah shi jiƙan shi. Mu dai mun huta da hayaƙi." Ɗayar ta ce, "Mutumin kirki ne, sai dai abin ƙashin nan ya so shi taɓa mai kai."

Ƙanensa, wanda muke kira Ƙaramin Kawu, ya ƙi zama inda ake karɓar gaisuwa. Ya ja buzunsa ya koma gindin katanga shi kaɗai. Duk wanda ya je masa ta'aziyya sai ya miƙa hannu, bai ɗaga kai ba.

Maganar maƙwabtan nan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ban ji haushinsu ba, don hayaƙin yana da wari, ni ma na shaƙa. Tsorona kada nan da 'yan shekaru ya zama abin da ya rage na Kawu a bakin mutane ke nan, tsohon da ya bar nama ya koma ƙona ƙashi. Akwai dalilin da ya sa ya koma, kuma dalilin yana cikin bakina.

Kawu wan mahaifiyata ne. Ina goye mahaifinmu ya rasu, shi ya je ya kwaso mu ya dawo da mu gidansa, bai taɓa bambanta mu da ɗiyansa ba ko a wurin duka. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Ƙarar wasa wuƙa a kan dutse ita ke tashinmu kowace safiya bayan ya dawo masallaci. Abin mamaki, shi da kansa bai damu da nama ba. Tuwon gero da miyar kuka ya fi so. In Inna ta sa masa tsoka a miya sai ya tsamo ya miƙa wa yaron da ya fi kusa, ya ce shi ya gaji da ganinta tun safe. Ranar kasuwa kuwa ba ya dawowa sai da ƙunshin hanta a aljihun rigarsa, mu yi layi ya bi mu ɗaya bayan ɗaya.

A da, ƙauyenmu rijiya ɗaya gare shi, kuma in bazara ta yi nisa sai ta koma laka. Daga nan sai tabki, inda mutane ke sha, shanu na sha. Kurkunu ya kwantar da manoma a tsakiyar damina. Gudawa kuma ta yi ta ɗaukar ƙananan yara, har ta ɗauke wa Kawu ɗansa namiji na fari. Ba ni da wayo lokacin, amma mahaifiyata ta ce bayan wannan rasuwar ne ya sa kansa a gaba. Ya sa babbar rigarsa ya je Konni, ya je Tawa, ya zauna ƙofar buro, wato ofishin hukuma, ana ce masa dawo gobe, ya koma. Ya ja maigari, ya ja liman. Sai da aka kawo injin aka haƙa mana rijiya mai zurfi, wadda muke ce wa foraj, aka ɗora mata fanfo. Ranar da ruwa ya fito, bijimi ya yanka ya raba wa gari. Ruwa garai-garai, ba ƙasa, ba tsutsa. Da shi aka yaye ni.

Kurkunu ya ɓace. Gudawa ta ragu. Mata suka huta da tafiyar tabki. In Kawu ya wuce ta bakin fanfo sai ka ji ana sa masa albarka.

Abin ya fara daga haƙora. Mu da muka tashi da ruwan foraj, da haƙoranmu na nono suka zube, sababbin sai suka fito da ɗigo-ɗigon fari kamar alli, daga baya suka rine suka yi ja-ja, kai ka ce tsofaffin maciya goro ne. Aka ce gado ne. Aka ce rashin asuwaki ne. Mahaifiyata ta goge mini nawa da gawayi da gishiri har dasashina ya yi jini. Ba wanda ya tsorata, don haƙori ba ya hana noma.

Sai kuma ƙafafu. Kawu yana da jika, ɗiyar babbar ɗiyarsa, wadda ya fi so duk cikin jikokinsa. Ta yi tafiya da wuri, ba a iya kama ta in ta ruga. Tana dab da shiga lakwal, wato makarantar boko, ta fara kukan gwiwa. A hankali gwiwoyin suka karkato ciki suna bugun juna, ƙwaurin ya lanƙwashe. Ba ita kaɗai ba, yara da dama a unguwarmu haka. Aka ce shan inna ne, aka ce iska ce. An sha rubutu, an yi turare, an je likita an dawo da ƙwayoyi. Kawu shi ke ɗora ta a wuya ya kai ta lakwal kafin ya wuce mahauta.

Ina ajin ƙarshe na lakwal ɗin ƙauye wani ma'aikacin ruwa ya zo daga Tawa a kan babur, ya ɗebi ruwan fanfo cikin ƙananan kwalabe ya tafi. Da ya dawo ya nemi a tara masa gari. Aka taru gindin bishiyar bedin masallaci, mu yara muna leƙe daga bayan iyayenmu mata. Mutum ne mai ladabi, ya yi ta neman hanyar da zai faɗi maganar. Ya ce akwai wani sinadari cikin ruwan, wanda da Faransanci ake kira fulor. Kaɗan daga cikinsa ba ya cutarwa, amma namu ya yi yawa. Ido ba ya ganinsa, harshe ba ya jinsa. In ya shiga jiki sai ya je ya zauna cikin haƙori da ƙashi, musamman na yaro mai tasowa.

Kawu ne ya fara magana.

"Tun yaushe abinga shike cikin ruwan?"

"Tun ranar farko, Baba. Daga dutsen da ke can ƙasa yake fitowa."

"In anka dahwa ruwan hwa?"

"Dafawa ba ta fid da shi. Ƙara masa ƙarfi ma take yi."

"To ɗiyan da ƙahwahunsu sunka lanƙwashe, in sunka bar sha, suna miƙewa?"

Mutumin ya dubi ƙasa. Ya ce, "Wannan sai haƙuri, Baba. Na baya dai ana iya kare su."

Kawu ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ni na tahi na roƙo shi." Liman ya ce masa kada ya faɗi haka, ba wanda ya san gaibu sai Allah. Kawu ya ce ya sani. Amma daga ranar har ya bar duniya, duk lokacin da zancen foraj ya taso, wannan maganar yake yi, ba ƙari ba ragi.

Washegari mata suka fita ɗibar ruwa suka ishe hannun fanfo ɗaure da sarƙa da kwaɗo. Kawu ne. Yana zaune gefe a kan turmi. Bazara ce, rijiya ta ƙafe, tabki ya tsage. Mata suka yi cirko-cirko da bokitai, ba mai iya yi masa magana. Sai aka kira Ƙaramin Kawu, don shi ke kula da fanfon. Ya zo da guduma a hannu.

"Yaya, buɗe."

"Ba ni buɗewa. Ka ji abin da anka ce."

"Na ji. To mi za su sha yau?"

Ƙaramin Kawu ya matso kusa da shi, ya ci gaba:

"Laka za su sha? Ka manta ɗan da kab binne? Ba ruwan foraj yak kashe shi ba, ruwan tabki ne. Gara ɗa mai karkataccen ƙahwa da ɗa cikin rami."

Ya daki kwaɗon har ya buɗe. Kawu ya miƙe, na ɗauka zai mare shi, don mu mun san zafin hannunsa. Sai kawai ya ɗauki sarƙarsa ya koma gida. Tun suna yara akushi ɗaya suke ci, ko bayan kowa ya yi iyali. Daga ranar Inna ta fara raba musu kwano. Suna gaisawa, suna sallah sahu ɗaya, ranar salla ƙaramin yana zuwa ya durƙusa. Amma ba su ƙara sa hannu cikin akushi ɗaya ba. Na daɗe ina neman wanda ya fi gaskiya cikinsu, har yau ban samu ba.

Bayan damina ma'aikacin nan ya dawo da duro biyu na roba da ƙaramin akwati. Ya ce akwai dabara. Tun da sinadarin ƙashi yake so, sai a ba shi ƙashi tun kafin ya shiga jikin mutum. A ƙona ƙashin dabba ya zama gawayi, a daka, a zuba cikin duro, a bi da ruwa ta cikinsa. Gawayin zai riƙe sinadarin, ruwan ya fito da sauƙi. Ya ce an gwada garin jan bulo da yumɓu a wasu wurare, suna ɗan kamawa, amma ba su kai ƙashi ba. Mutane suka dubi juna, wasu suka toshe baki. Kawu ya ce a kai duron gidansa.

Bai iya ba da farko. Ƙonon farko bai nuna ba, maiƙo ya rage a ciki, ruwan ya fito rawaya yana warin tsohon romo, ko akuya ta ƙi sha. Na biyu ya sakar masa iska da yawa, ƙashin ya yi fari fat kamar toka. Ruwan ya fito kyakkyawa, Kawu har ya fara murna. Ma'aikacin ya buɗe akwatinsa, ya ɗiga wani magani cikin ruwan, ya gwada launin da wani ɗan kati, ya girgiza kai. Bai kama komai ba. Haka suka yi ta yi, mutumin yana zuwa yana gyara masa, Kawu yana saurare kamar ɗan koyo, shi da ya kusa haifar sa. Sai da ya gane hannun aikin. A tafasa ƙashi a cire maiƙo, a shanya ya bushe sarai. A cusa cikin duron ƙarfe a rufe, a bar 'yar kafa kaɗan, a yi masa wuta a hankali. In ya yi daidai, launinsa tsakanin baƙi da toka yake, kuma in ka karya shi ba ya wari. A daka a turmi, a tankaɗe, a ɗauki mai girman ƙwayar dawa, a wanke. Tsakuwa a ƙasan duro, yashi, sannan gawayin. Ruwa ya shiga ta sama, ya ɗiɗɗigo ta ƙasa.

Ranar da launin gwajin ya fito yadda ake so, Kawu ya nufi duron. Ya cika moɗa ya kai wa jikarsa, ko da yake ya san ba abin da zai gyara mata.

Shi da kansa ya je wurin liman ya tambayi hukuncin ruwan. Liman ya ce in ƙashin dabbar da aka yanka ne, kuma wuta ta cinye shi ya zama gawayi, bai ga laifi ba. Bayan sallar Juma'a ya karɓi moɗa ya sha gaban jama'a. Duk da haka wasu gidajen ba su taɓa aikowa ba. Suka sa masa suna ruwan ƙashi. Har aka baza cewa da ƙashin mushen jaki ake yi. Wannan ta yi wa Kawu ciwo ƙwarai, mutumin da ya yi rayuwarsa bai taɓa sayar da abin da bai ga yankansa ba. Tun daga nan ba ya karɓar ƙashi sai nasa ko na mahaucin da ya sani. Ranar kasuwar Badaguishiri sai ya tafi da amalanke ya dawo da buhuna, ƙudaje na bin sa har gida.

Duro biyu ba za su shayar da gari ba. Shi ya yanke yadda za a yi: yara ƙanana da masu ciki da masu goyo, su ke sha. Wanka da wanki da alwala, a yi da na fanfo, ba komai. Manya kuma su yi haƙuri. Ya fara da kansa. Ga randar ruwan da ya tace a tsakar gidansa, amma in ƙishi ya kama shi sai ya wuce ta ya ɗebi na fanfo. In Inna ta yi masa magana sai ya ce, "Nawa ƙashin ya riga ya bushe, bar ma masu ɗanye."

Ban manta zuwan da ya yi mini Konni ba, shekarata ta farko a kolej. Can na fara sanin cewa bakina abin kallo ne. A ƙauye duk sa'o'ina haka muke. A birni kuwa 'yan aji suka sa mini suna, in malami ya tambaye ni sai in amsa hannuna a kan baki. Na aika gida cewa ni na bar karatu. Ranar kasuwa sai ga Kawu a ƙofar gidan da nake zaune, da balangu a takarda. Muka zauna a dakali. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma lallashe ni ba. Ya bari na cinye naman, sannan ya ce:

"Haƙoran sun tauna?"

Na ce sun tauna.

"To suna aiki. In wani yat tambaye ki mi yas same su, ki ce kawunki ne. Ki hwaɗi sunana, ki hwaɗi garinmu. Ni za a tambaya, ba ke ba."

Na ce ai ba laifinsa ba ne. Ya ce bai zo gardama ba, ya zo ya ga na koma aji. Ya raka ni har ƙofar makaranta, da rigarsa mai ƙaurin hayaƙi, ya tsaya sai da na shige. Yau ni ke tsayawa gaban yara ina magana baki buɗe.

Jikarsa kuwa ta girma da ƙafafunta haka. Ta koyi ɗinki, da keken hannu take yi don ba ta iya taka na ƙafa. Mace ce mai barkwanci, ta fi mu duka dariya. Amma Kawu ba ya iya zama kusa da ita ba tare da idonsa ya sauka kan gwiwoyinta ba. Wata rana ina wurin, tana ɗinka masa aljihun riga, ta tsayar da keken ta ce, "Kaka, in za ka dube ni, dubi huskata. Na gaji." Ya ɗago ya dube ta. Ya ce, "Kin yi gaskiya." Ya yi ƙoƙari bayan haka, na ga yana yi. Bai cika iyawa ba.

Abin da ya fi wahalar da shi ya zo daga baya. Gawayin ƙashi yana ƙoshi. In ya sha sinadarin ya cika, sai ya bar shi yana wucewa, kuma ruwan ba ya canza launi ko ɗanɗano da zai gaya maka. Maganin gwajin nan kaɗai ke nunawa. To aikin da ya kawo ma'aikacin ya ƙare, aka mayar da shi wani yanki mai nisa. Ya bar wa Kawu sauran maganin, ya ƙare. Na nema a Konni, na sa an nema a Tawa, ban samu ba. Wata rana na zo hutu na ishe shi zaune da moɗa biyu gabansa, ɗaya daga fanfo, ɗaya daga duro. Ya ce, "Ɗiyata, ke da kinka yi karatu, duba mani. Wanne ne mai cuta?" Na duba. Duka biyun garai-garai. Na ce ban sani ba, Kawu. Ya ce, "Ni ma haka."

Tun da ba shi da hanyar sani, sai ya riƙa canza gawayin tun kafin lokaci. Gara ya zubar da mai sauran ƙarfi da ya shayar da yaro wanda ya ƙoshi. Wannan ya sa ƙonon ya ƙaru, hayaƙi ya ƙaru, maƙwabta suka kai ƙara wurin maigari har aka sa ya mayar da wutar bayan gari. Ya bar wa ɗansa fawa gaba ɗaya. Gwaji ɗaya ya rage masa, shi ne bakin yara. Duk yaron da ya yi wawulo a unguwa, Kawu na jiran sababbin haƙoransa. In ya gamu da shi a hanya sai ya tsayar da shi ya ce, "Buɗe in gani." Yara har gudunsa suke yi. Wasu haƙoran sun fito fari tas, ranar sai ka ji yana raha da Inna. Wasu kuma sun fito da ɗigon, don yaro in yana wasa ƙishi ya kama shi, bakinsa zai kafa a fanfo, ba ya tuna duron kowa. Irin wannan ranar ba ya cin tuwon kirki.

Shi ma ruwan bai bar shi ba. Ƙashin da ya ce ya bushe, ashe bai bushe ba. Bayansa ya fara ƙagewa, sannan wuya. Mutumin da ke kayar da bijimi ya koma ba ya iya sunkuyawa ya ɗauki takalminsa. Ruku'u ya gagare shi, ya koma sallah a zaune. In zai yi sallama sai ya juya da kafaɗunsa duka. Likita ya ce akwai tsufa a ciki, akwai kuma abin da muka sani. Ko a haka sai a ɗora shi a amalanke a kai shi bayan gari, ya zauna kan kujera yana duban launin hayaƙi, yana cewa a rage iska ko a ƙara itace. Ɗiyansa maza suna yi masa don biyayya. Babban ya faɗa mini a fili cewa shi mahauci ne, kuma mutane sun fara ƙyamar namansa saboda warin da ke jikin rigarsa. Ƙaramin cikinsu kuwa direba ne, ba ya zama. Ban ga laifinsu ba. Da ciwon ajali ya kwantar da Kawu, wutar ta mutu, ba wanda ya sake hura ta.

Bayan sadakar uku baƙi suka ragu. Da hantsi na ishe Inna a bayan ɗaki inda duron suke, tana zaune a ƙasa. Tun da na zo ban ga hawayenta ba. Na zauna kusa da ita. Ta dube ni ta ce:

"Ya bar mani wasiyya, ban cika ba."

Na ce wace iri, Inna.

"Ya ce in ya cika, kada a wanke shi da ruwan foraj."

Na ce ai shi da bakinsa yake cewa wanka da shi ba ya komai.

"Na tuna mashi. Ya ce ya sani. Ya ce shi dai ya sha shi iyakar sha, ba shi son kuma shi tahi da shi ga jikinshi."

Ta share fuska da bakin zane. Ta ce da ya cika, ta aika rijiya aka ce laka ce. Ta zo nan ta buɗe duro, ba ko ɗigo, don tun da ya kwanta ba a ƙara zubawa ba, ana tsoron gawayin ya ƙoshi. Abin da ya rage na tacewar ƙarshe rabin randa ne a ɗakinta. Masu wanka suna tsaye ƙofa suna jira. Ga kuma jikoki cike da gida, har da na goye da aka fara ba ruwa.

"Na ɗora hannu ga murhin randar," in ji ta. "Sai na mai da shi na ruhe. Na ce su tahi hwanho su ɗebo."

Na ce da yana nan, shi ma abin da zai ce a yi ke nan.

"Na sani," ta ce. "Amma abu guda yar roƙe ni tun da anka kawo ni gidanga."

Muka zauna har rana ta iso inda muke.

Rabin randar bai kai ranar komawata ba. Da safen da zan tafi, ina tsaye bakin hanya ina jiran babur, na ga 'yan matan gidanmu sun fito da jarkoki sun nufi fanfo, ƙananan na bin su a baya.

Allah, ga bawanka nan ya zo maka. Ya nema wa mutanensa ruwa da kyakkyawar niyya, ya kuma ƙarar da ƙarfinsa yana gyaran abin da bai san da shi ba. Ka yafe masa, ka sauke masa nauyin da ya ƙi saukewa da kansa, ka shayar da shi daga tafkin Manzonka. Ka ba Inna haƙuri. Yaran da ya bari kuma, ka dube su.